Inna Mai Ɓawon Ƙwai

Ƙas, ƙas, ƙas. Sau uku na ji taɓarya ta sauka, sannan na ji ta gangara a ƙasa har ta bugi gindin randa. Ina zaune kan tabarmar salla, ban ƙarasa lazimin asuba ba. Shekara goma sha ɗaya ina jin ƙaramin turmin nan kowace safiya, turmin da surukata, uwar maigidana, take daka ɓawon ƙwai a ciki, kuma ban taɓa jin ta tsaya a uku ba. Na fito da carbi a hannu, na same ta jingine da rumbu, farin garin ɓawo a tafinta, tana kallona kamar mai neman afuwa don ta bar aiki a rabi. Kafin hantsi ta cika, da kalmar shahada a bakinta. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Mu duka Inna muke ce mata, 'ya'yanta da matan 'ya'yanta. Haka zan kira ta a nan.

Mutane sun zo gaisuwa daga Gidan Rumji, daga Tibiri, daga ƙauyukan bakin gulbi. Autarta ta iso daga Cadawa bayan an dawo daga maƙabarta, ta zauna ƙofar ɗakin ta kasa shiga. Amma waɗanda suka tsaya mini a rai ba dangi ba ne. Mai shayin tasha ya zo rana ta biyu, ya yi wa maza gaisuwa a waje, sannan ya aiko a kira ni bakin zaure. Gwangwani ne a hannunsa, cike da ɓawon ƙwai. "Na kwana biyu ne," ya ce. "Na tara mata kamar kullum. Yanzu ban san wa zan ba." Ya ajiye shi a ƙasa a hankali, ya juya yana share ido da hula. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ƙi zama kan tabarma, ta zauna a turɓaya, ta ce tun da take shigowa gidan nan ƙwaryarta ba ta taɓa komawa rugga wayam ba, ko tumatir uku ne sai Inna ta jefa ciki. Wata tsohuwa, ƙawarta tun suna amare, ta ce: "To, ta tahi da bakinta. Yanzu wa za ya gaya muna gaskiya mu kwana da haushi, mu tashi mu gode?" Aka yi dariya cikin kuka.

Ni kuwa abin da idona ya kama daban ne. Duk lokacin da na leƙa ta zaure, sai in ga 'ya'yanta maza biyu, maigidana da yayansa, a kan tabarma ɗaya, amma kowa a nasa ƙarshen, har mutum uku za su iya zama tsakaninsu. Rana ta uku na ji wata baƙuwa tana raɗa wa wata: "Garkar nan dai an gama. Kahin arba'in za ki ga darni a tsakiyarta."

Ni ce kaɗai matar gidan da ta yi lakol, wato makarantar boko, har kwaleji, don haka aka ce in rubuta wani abu kada jikoki su manta ta. Na karɓa, domin akwai maganar da ta shafe ni a ciki, kuma ba zan iya ba da labarin Inna in tsallake ta ba.

Kakanninta daga kudu suka hauro, ƙetaren iyaka, kuma har ta rasu in ta yi fushi harshen can ne ke fitowa. Mijinta ya rasu ya bar mata maza biyu, mace ɗaya, da garka a bakin gulbi mai rijiya ɗaya wadda shi ya haƙa da hannunsa. Da zarar an kai gero rumbu, sanyi ya fara, Inna ta koma garka. Salati, shu (kabeji), albasa, tattasai, yalo, zogale a jikin shinge. Amma tumatir ne ɗan lelenta. Fangalinsa ne mafi kusa da rijiya.

Ina amarya ta fara kai ni can. Na tafi da kaye, littafin rubutuna, da biro, wai zan rubuta ranar shuka da ranar dashe. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗiyar lakol, mi za ki yi da wannan?"

Na ce don kada a manta ne, Inna.

"Rubuta. Ba laihi ba ne. Amma kawo hannunki." Ta kama yatsana ta tura shi cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. "Mi kika ji?"

Na ce sanyi.

"To ranar da kika ji ɗumi, kin makara. Wannan ma ki rubuta."

Sunan nan, ɗiyar lakol, bai bar ni ba har ranar da ta rasu. Da farko yana yi mini ciwo. Daga baya in ta kira ni da wani suna sai in san na yi laifi.

Ban ruwa a wurinta aikin mutum biyu ne: ɗaya na jan guga, ɗaya na ɗauka tana zubawa. Ni da faccalata, matar yayan maigidana, mu ne muke yi, kowace safiya bayan an daka ɓawo, kafin rana ta yi zafi. Ba Juma'a, ba ranar suna. In muka ce yau kasuwar Gidan Rumji, sai ta ce: "Tumatir bai san ranar kasuwa ba." In muka ce yau ɗaurin aure a maƙwabta: "Tumatir bai san biki ba. Ku ba shi nasa, sannan ku yi kwalliya." Ranar sallar layya ma da kanta ta ja guga kafin a tafi idi.

Ba ta taɓa yabon tumatir daga fuskarsa ba. Ko a kasuwa, ko kyauta aka kawo mata, sai ta juya shi ta duba gindin, wurin da furen ya faɗi. Masu sayarwa sun san ta. Wani ya taɓa ce mata, "Hajiya, ba akuya kike saye ba," ta ce ai ba ta je Makka ba tukuna, ya rage mata sarautar, ya kuma rage tsada.

Batun ɓawon ƙwai kuwa, shi ya fi damun 'ya'yanta. Kowace yamma ta ɗauki ƙaramar ƙwarya ta bi gida gida. Wanda ya ci ƙwan zabi, wanda kazarsa ta ƙyanƙyashe, duk ta san su. Ta ƙare a tasha wurin mai shayi. Ta shanya, ta daka, ta gauraya da toka, ta barbaɗa a fangali kafin dashe. Babban ɗanta ya taɓa yi mata magana a gabanmu, ya ce mutane za su ce ba su iya ciyar da uwarsu, tana yawon tsintar shara. Ta ce: "Wanda ya ce haka, ka tambaye shi in tumatir ɗina ya taɓa yi masa ɗaci a miya." Ba ta daina ba ko rana ɗaya.

Wata shekara malamin gona ya zo kan babur ya zaga garkar. Ya ce mata, da ladabi, garin ɓawon yana da amfani amma yana daɗewa kafin ƙasa ta ci shi, ba maganin gaggawa ba ne. Na zaci za ta yi musu. Sai ta ce, "Na sani, yaro. Sha ruwa." Bayan ya tafi na tambaye ta, to in ta sani, mene ne na wahalar yawon nan? Ta ci gaba da tsinke busasshen ganye. Can ta ce: "Tsohuwa in ta shiga gidan mutane hannu wohi, sai a ce gulma ta kawo. In ta shiga da ƙwarya, sai a ce ɓawo take nema. Da ƙwaryar nan nika sanin wa bai ɗora tukunya ba yau." Sai a ranar na gane dalilin da ƙwaryar ke fita a rufe da faifai, da nauyi, ta dawo ba nauyi.

Sannan shekarar jam'iyyu ta zo. Tun ana jin babban taron Yamai a rediyo, maza na kewaye shi a gindin bishiyar bedi, har abin ya iso ƙofar gidanmu da motoci da lasifika. An ce kowa yanzu yana da bakin magana, kuma gaskiya mun yi murna. Maigidana ya ɗauki jam'iyya ɗaya, yayansa ya ɗauki wata. Da wasa aka fara, kowa na tsokanar hular ɗan'uwansa. Wata rana a wurin mitin a Gidan Rumji aka yi jifa, wani abokin maigidana ya fashe a goshi, aka ce an ga Yaya tsaye cikin masu jifan. Shi ya rantse kallo kawai yake. Daga ranar gaisuwa ta mutu tsakaninsu.

Inna ba ta nan. Ta tafi Cadawa wankan jegon autarta, kwana arba'in. Tumatir kuwa ya fara ɗaure 'ya'ya, sanyi na janyewa, zafi na shigowa.

Maigidana ya ce mini ba ya son ya ƙara ganina bakin rijiya tare da matar gidan can. Ita ma an gaya mata haka. Mun haɗu sau ɗaya a bayan rumbu, kamar ɓarayi, don mu san yadda za mu yi. Ni ce na kawo dabara, kuma na kawo ta da alfahari. Na ce: fangalin gabas nasu, na yamma namu. Kowane ɓangare yana shan tulu goma a rana. To yau ni in zo ni kaɗai in zuba wa namu ashirin, gobe ke ki zo ki zuba wa naku ashirin. Goma kullum da ashirin a kwana biyu, duk ɗaya ne. Ba wanda zai ga wani, ba abin da zai ragu. Faccalata ta ce, "Ke kika yi lakol." Muka rabu.

Mace ɗaya ta ja ta ɗauka ta zuba tulu ashirin, ba ƙaramin aiki ba ne. Ranar da na gaji sai in ce jibi na cika talatin. Ranar mitin, da aka ce mata su fito da zanen jam'iyya, na ɗaga ban ruwan. Ƙasar garkar rairayi ce. Takan bushe ƙayau, ganye ya langaɓe, sannan in zo in malala mata ruwa har ya kwanta. Washegari ganyen ya miƙe, ni kuma in ce lissafina ya yi daidai. Ban sa yatsa a ƙasa ba ko sau ɗaya.

'Ya'yan fari suka girma, kyawawa daga sama. Wata rana na juya ɗaya. Gindinsa baƙi ne, ya lotsa, ya yi tauri kamar tsohuwar fata. Na juya na biyu, na uku. Fangali bayan fangali, namu da nasu. Ba tsutsa, ba rami, ba wari. Tumatir ɗin da gidaje biyu ke jira su kai kasuwa su ga ƙarshen rani da shi.

Maigidana ya zo ya gani. A jikin wasu itatuwan namu ya tarar da ƙyalle a ɗaure, kuma ƙyallen launin jam'iyyar yayansa ne. Ya ce asiri ne. Alhali Inna ce, kafin ta tafi, ta ce wa faccalata ta ɗaura alama a kan masu ƙarfi da za a bari don iri, ita kuma ta yagi abin da ke hannunta. Ya tafi kasuwar Sae Sabuwa ya sayo maganin feshi a kwalba marar takarda, ya fesa wa namu. Maganin bai yi komai ba. Yaya kuwa da ya ji warin a nasa ɓangaren, ya ce ƙanensa ya zuba masa guba. Kowa ya samu shaidarsa. Suka kai magana wurin maigari, a zo a ja darni a tsakiya. Rijiya kuwa a gabas take. Wato mu na yamma za mu tashi ba ruwa, kuma 'ya'yanmu da nasu za su girma da shinge a tsakaninsu.

Kwana ɗaya kafin maigari ya zo Inna ta sauka daga mota. Ba ta shiga gida ba. Da ƙunshin kayanta a ka ta wuce garka, ni ina bin ta a baya. Ta tsinki tumatir ta juya. Ta fasa shi da farce ta sansana. Ta duba bayan ganye. Sannan ta durƙusa ta tura yatsa a fangalinmu, ta matsa ta tura a nasu. Namu busasshe, nasu caɓi. Ta daɗe a durƙushe.

"Kwana nawa nawa kuke zuwa?" ta ce, ba ta dube ni ba.

Na gaya mata. Na ma fara bayanin goma da ashirin.

Ta ce, "Ɗauko mini wuƙa da faifai."

Washegari maigari ya zo da mutanensa da igiyar awo. 'Ya'yanta biyu na tsaye, kowa da hularsa, kowa na kallon wani gefe. Ni da faccalata muna bayan zogale, nesa da juna. Inna ta bari aka gama gaisuwa, aka warware igiya, sannan ta ce:

"Ranka ya daɗe, ni ban mutu ba tukuna. Rijiyar ga, ina tsaye mijina ya haƙa ta, ni na ɗebe ƙasar. Ku ba ni mako ukku. In 'ya'yan da za su hito sunka yi baƙin gindi, ku ja igiyarku, ni zan riƙe muku bakinta. In sunka hito lahiya, ba mai ƙara yi mini maganar darni ina numfashi."

Maigari ya ce ai magana ta yi kyau. Yaya ya ce, to wa ya yi wannan ɓarnar? Inna ta ce: "Na ce mako ukku. Ban ce shari'a ba."

Ta sa aka tsinke duk mai baƙin gindi, har ƙanana. Ta sa aka kwaso ƙaiƙayin gero aka shimfiɗa a gindin kowane itace don ƙasa ta riƙe sanyi. Ta barbaɗa garinta a gaban kowa, da bisimilla mai ƙarfi. Sannan ta ce matan gida sun gaji, ita kuma bayanta ya ƙi, saboda haka 'ya'yan da ta haifa su za su yi ban ruwa. Kowace safiya, tulu goma goma, ɗaya na ja, ɗaya na ɗauka. Ta kifa tsohon turmi bakin rijiya ta zauna a kai.

Wanda bai ga wannan ba ya yi rashin kallo. Magidanta biyu masu gemu, kowa da hular jam'iyyarsa, ɗaya na miƙa wa ɗaya guga ba tare da sun haɗa ido ba. Mutane har zagayowa suke ta hanyar garka don su gani. Ranar da aka ce babban baƙo zai zo mitin da sassafe, maigidana ya ce, Inna, yau dai a yi haƙuri. Ta ce: "Tumatir bai san jam'iyya ba. Ja."

A kwanakin ne muke zaune ni da ita a inuwar rumbu, muna yanke baƙin muna yanyanka sauran don a shanya a yi kauɗa, domin ta ce abin da ya rage halal ne, ba a zubar da shi. Hawaye suka zubo mini a kan faifai. Na ce, Inna, ni ce.

"Na sani."

Na ce wallahi na ɗauka duk ɗaya ne.

"Ɗaya ne a kaye. To gobe kada ki sha ruwa, jibi ki shanye tulu biyu, ki zo ki gaya mini in ɗaya ne." Ta ci gaba da yanka. "Abincin da ke ƙasa, ruwa ne ke kai shi sama. In ruwan ya yanke, wanda ke can ƙarshe shi ke rasawa. Gindin nan shi ne ƙarshen layi. Ba ciwo ba ne, ba sammu ba ne. An manta da shi ne, sannan aka zo aka cika shi da yawa."

Na ce bari in je in gaya musu.

Ta ajiye wuƙa. "A'a. Ba yanzu ba. Yanzu neman wanda za su ɗora wa suke. In kika buɗe baki, mijinki za ya ji kunya gaban wansa, kunyar kuma kanki za ta sauka. Ba zan gyara garka in ɓata aure ba. Ki riƙe. Ranar faɗi tana zuwa, kuma in ta zo za ki gane ta, ko ina nan ko ba ni nan." Sannan ta tura mini faifan. "Yanka siriri, ɗiyar lakol. Wannan kaurin ba za ya bushe ba."

Ban taɓa jin sunan nan ya yi mini daɗi kamar ranar ba.

Sabbin 'ya'ya suka fito, suka girma, gindinsu sumul. Maigari ya zo da kansa ya juya uku, ya ce a naɗe igiya. Gari ya ɗauka garin ɓawon Inna da addu'arta ne suka karya abin da aka binne, har mata suka riƙa aiko mata da ɓawo ba ta roƙa ba. Ba ta gyara musu ba. Mu muka koma bakin rijiya ni da faccalata. Maza suka koma gaisuwa, amma gaisuwa ce ta baki. Kowannensu ya tafi da cewa ɗan'uwansa ya yi abin, uwa ce ta rufa masa asiri. An yi zaɓe, an yi wani, jam'iyyun ma da suka yi faɗa dominsu sun haɗe sun rabu sun sake haɗewa, amma tazarar nan ta mutum uku a kan tabarma ba ta rufe ba. Shekara huɗu ina ganinta, ina sanin daga inda ta fito.

Ranar sadakar bakwai, bayan baƙi sun watse da la'asar, 'yan gida suka zauna a tsakar gida. Yaya ya gyara murya ya ce gado hakkin Allah ne, za a kira malam ya raba, kowa ya san nasa har da autarsu. Ba wanda ya ja da wannan. Sannan ya ƙara da cewa, in an raba, gara a ja darni. Maigidana ya ce: "Gara hakan. Yanzu ba mai tsaya muna in abin shekarar nan ya sake dawowa."

Na gane ranar faɗi ce ta zo. Kamar yadda Inna ta ce.

Na jawo mayafina, na durƙusa daga bakin ƙofar ɗakin Inna. Na ce: "Yaya, a gafarce ni, ina da magana." Ban taɓa yin magana a zaman maza ba. Na faɗi duka: bayan rumbu, goma da ashirin, kwanakin da na ɗaga, ƙyallen iri, yatsan Inna a ƙasa, abin da ta ce mini kan faifai. Na ce ba wanda ya binne komai, ba wanda ya zuba guba. Ƙishirwa ce da ƙoshi, kuma ni na tsara su.

Sai faccalata ta taso daga inda take ta durƙusa kusa da ni. "Ba ita kaɗai ba ce," ta ce. "Ta ce kwana biyu, ni har huɗu na taɓa kaiwa."

Maigidana ya ce, a hankali, kamar mai magana da kansa: "A kan lissahi?"

Yaya bai dube mu ba. Ƙanensa ya duba, ya daɗe yana dubansa. Ya ce: "Shekara huɗu." Ya sa takalmansa ya fita. Maigidana ma ya tashi ya bi hanyar masallaci, kuma har aka ci tuwo bai ce mini komai ba.

Allah Ya jiƙan Inna. Ya sanyaya mata makwanci yadda ta sanyaya gindin kowane itace da ta dasa, Ya shayar da ita ba yankewa. Ya yafe mana abin da muka yi da sani da wanda muka yi da lissafi.

Washegari bayan asuba na kasa tashi daga tabarmar salla. Ba ƙarar turmi. Gwangwanin mai shayi na nan inda na ajiye shi. Ina tunanin ko na gyara ne ko na ƙarasa ɓatawa, ina kuma tuna cewa tun ranar rasuwa ban taka garka ba, ban ma tambayi wa ke zuwa ba. Sai ga ɗiyata ƙarama, takwarar Inna, wadda ba ma kiran sunanta a gidan saboda kunyar mai sunan. Ta shigo da gudu, ƙafafunta jiƙe da laka har idon sawu, ƙaramar taɓaryar nan a hannunta. Ta ja bakin mayafina.

"Mama, ki taso mana. Baba na ja, Baba Babba na ɗauka, sun ce sun manta ko tulu nawa ne. Ki taso. Tumatir bai san Kaka ta rasu ba."